Kawuna, Direban Magina Tukwane

Ranar da muka yi rashin Kawu, ƙanin mahaifiyata, tashar Tambuwal kwasowa ta yi kakaf ta dawo ƙofar gidansa. Direbobi, 'yan kamasho, masu faci, bakanikai da baƙin mai a farce, har mai tuwon tasha ta rufe tukunyarta ta biyo su. An ce fasinjan da ya zo neman motar Sakkwato a hantsin nan, benci ya samu ya zauna har aka dawo daga maƙabarta. Ni ina cikin gida wajen mata, kusa da Inna matar Kawu, amma muna jiyo maza ta kan katanga. Wani ya ce Kawu ne ya fara ɗora masa hannu a kan sitiyari. Wani ya ce Kawu ya taɓa shara masa mari a gaban fasinja don ya yi lodi ba layinsa ba. Duk su biyun da murya iri ɗaya suke faɗa, kowa na alfahari da rabonsa. Shugaban tasha kuwa, amininsa da suka fi kowa faɗa da juna, gefe guda ya koma ya zauna. An ce carbi kawai yake ja, hawaye na bin gemunsa.

Ranar uku, ana cikin rabon gumba, wasu mata suka yi sallama, ƙafafunsu buɗu-buɗu. Magina tukwane ne daga wani ƙauye da ke bayan Fakku, a ƙasar Kebbe. A gabansu wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, tafin hannunta duk ya yi kanta, ita ce babbarsu, kowa Iya yake ce mata. Suka durƙusa gaban Inna, aka yi "ya haƙuri", aka yi addu'a, aka shafa. Sauran suka ja gefe, Iya ba ta tashi ba.

"'Yar'uwa, ki gafarce mu," ta ce wa Inna. "Na san ba ranar wagga magana ba ta, amma hadari ya fara haɗowa. Da ciwo yak kama shi, ya aiko muna kar mu sa wuta sai mun ji daga gare shi. Tukwane sun bushe, suna nan jere cikin ɗakuna, har wurin kwana sun cinye muna. Mun jira, ga abin da munka ji. Shi na munka ce mu tambaya. Mu gasa, ko mu bari?"

Duk wadda ta san sana'ar ta gane nauyin tambayar. Gashin tukwane a fili ake yinsa, da kara da busasshen kashin shanu da aka daɗe ana tarawa, kuma da ruwa ya sauka shi ke nan sai bayan kaka. Ba a kuma gasawa don a ajiye. A ƙauyensu kowa na da randarsa, masu saye suna kasuwar Tambuwal, kuma mota ɗaya ce ta rage a duk hanyar nan da ke ɗaukar tukwane, ga ta can a ƙofar gida an rufe gilashinta da tsohuwar tabarma. In aka ce musu su bari, ba gashin bana kaɗai za su bari ba. Ƙananan cikinsu dama dalili suke nema su wanke hannu daga yumɓu.

Inna ta aika aka kira babban ɗan Kawu, taubashina, wanda shi ma direba ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, aka maimaita masa maganar.

"Iya, ku ba ni lokaci," ya ce.

"Lokacin ba nawa ba na, ɗana," in ji ta. "Na ruwan sama na."

Saboda jikokin Kawu da za su tashi ba su ga komai a hanyar Kebbe ba sai babura, bari in faɗi yadda aka zo nan.

Kawu da bakinsa yake ba mu labari. Lokacin da ya taso, mota ɗaya ce ke shiga ƙasar Kebbe, wata babbar mota mai bodin katako, ita ma sai ranar kasuwa. A loda buhuna a ƙasa, a gitta katakai, mutane su hau su zauna, kaji da awaki a tsakanin ƙafafunsu. Wanda ya makara sai jaki ko sawu. A wannan motar ya fara, aikinsa ya dira da gudu ya cusa guntun icce a bayan taya duk sa'ad da ta ƙi hawa tudu. Daga baya a-kori-kura suka shigo, bayansu kiya-kiya, ƙananan bas masu kujeru, waɗanda mutane suka riƙa zuwa kallo suna shafa jikinsu. Tasha ta tashi daga gindin itace ta koma fili mai rumfa. Aka kafa ƙungiya, aka kawo tsarin layi, wato mota ba ta lodi sai ta gabanta ta cika ta tashi. Kawu ya tuƙa kowace irin motar nan. Da Allah ya ba shi kiya-kiya tasa ta kansa, sai ya yi abin da ya sa 'yan tasha suka ce a duba lafiyarsa. Ya kwance kujerun baya ya jingine su a zaure, ya shimfiɗa ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa a gurbinsu.

Babu direban da ke son tukwane. Randa ɗaya ta cinye wurin mutum biyu, ba ta gode maka, in ta fashe kuma rigima ta tashi. Uwa uba, mai tukwane ba ya gudu. Wannan hanya tamu kuwa, rami ne ke miƙa ka ga rami. Saboda haka tafiyar Kawu ta zama abin tsokana daga Kebbe har Dogon Daji. Ana cewa in mace ta shiga motarsa da jariri, a Tambuwal za a yaye shi. Masu jakai kan gaishe shi su wuce, in ya iso kasuwa su sake yi masa sannu da zuwa. Shi ko a jikinsa. Ya kan ce, "Wa yar riga ni? To mi yas samu da ban samu ba?"

Na san tafiyar nan ciki da waje, don da aka fara tura ni koyarwa Kebbe aka kai ni, kuma mahaifiyata ta rantse ba zan shiga motar kowa ba sai ta ƙaninta. Akwai wata ƙorama a hanya, gangarenta duk duwatsu. Da an iso nan Kawu ke taka birki ya waiwayo ya ce, "Jama'a, a sauka a miƙe ƙafa." 'Yan hanya sun saba, kafin ya rufe baki sun fara dira. Wata rana muka ɗauko wani dillalin shanu, baƙo, yana sauri kar ciniki ya wuce shi.

"Mu za mu sauka, tukwane na zaune?" ya ce.

"Alhaji, kai in ka faɗi tashi za ka yi ka kakkaɓe riga. Randa in ta faɗi sai dai a kawo tsintsiya."

"Ni ban sauka."

Kawu ya kashe mota, ya ciro goro ya ɓara, ya miƙa masa rabi. "To mu zamna. Ni nan na iya kwana."

Dillali ya sauka yana ta sababi, ya tattare babbar riga ya tsallaka ƙorama da ƙafa. Ni kuwa na lafe a kujera da sabon takalmina, ina ganin ai 'yar gida ce ni. Kawu ya leƙo ta madubi.

"Ke ma malama, sauka. Ko takalminki yumɓu na?"

Ba zan ce Kawu ba shi da aibi ba, don in na faɗa Inna ce za ta fara ƙaryata ni. Mafaɗaci ne, ga taurin kai, kuma ranar kasuwa ba shi da ɗan'uwa. Sunan taubashina ranar kasuwa ya faɗo. Aka raɗa suna da sassafe, kafin a gama fiɗar rago mai gida ya kama hanyar Kebbe, ya bar baƙi da surukansa. Inna ba ta daina tuna masa wannan ba har suka tsufa. Da bikina ya zo, ya ce babu mai ɗaukar kayan ɗakina sai shi. Mata suka tafi jere suka zauna suna kallon bango, har amarya ta riga gadonta isa. Na yi kuka ranar, na ce Kawu ya kunyata ni a gaban dangin miji. Amma da aka sauke kayan, ko kofi ɗaya bai yi tsaga ba, kuma can cikin ciyawa muka tarar da wata randa mai zane a wuya da babu wanda ya san da ita. Ashe Kawu ne ya sa magina suka gina mini ita. Shi kuwa cewa kawai ya yi a ba shi ruwa ya sha.

Rigimarsa da shugaban tasha kan layi ta faro. Da yamma in za a koma Kebbe, ko babu tukunya ko ɗaya a motar, ƙafar Kawu ta riga ta saba, tafiyar ɗaya ce. Sai fasinjoji suka koyi dabara. In motarsa ce a gaba, su watse kamar masu sayayya, su jira ta baya. Ta baya kuwa ba ta da ikon lodi sai tasa ta cika. Layi ya cushe, direbobi suka kai ƙara. Shugaba ya kira shi gefe ya ce ko dai ya ƙara wuta, ko ya bar layi. Kawu bai tsaya ya ji ƙarshen maganar ba, ya ja motarsa ya fice daga tasha, ya je ya ajiye ta gindin wata tsamiya kusa da masu tukwane. Damina guda ba su yi magana ba. A masallaci sahu ɗaya suke tsayawa, kafaɗa da kafaɗa, a yi sallama kowa ya nemi takalminsa.

Abin da ya sasanta su, mahaifiyar shugaba ce ta faɗi a ƙauye ta karye a ƙugu. Duk motocin tasha suna hannunsa, amma ya san in aka ɗauko ta a ɗayansu ba za ta iso da hankalinta ba. Dama mutanen hanyar nan sun daɗe da gano cewa shimfiɗar ciyawar Kawu ba ta tukwane kaɗai ba ce. Masu karaya, masu naƙuda, tsofaffin da zama ya gagara, duk a kanta ake kai su asibiti, kuma ranar da ya ɗauko irinsu ko ranar kasuwa ce ba ya haɗa su da kaya. Shugaba ya tako da ƙafarsa har gindin tsamiya. Kawu ya riga ya ji labari. Ya tashi ya karkaɗe mazaunin gaba ya ce, "Shiga. Ka zo da tabarma?" Bai koma layi ba har ya mutu, amma tun daga lokacin shugaba a gindin tsamiya yake shan shayinsa, suna musu kan wanda ya fara yi wa wani laifi.

Sai zamani ya juya. Babura suka cika gari, 'yan kabu-kabu suka riƙa shiga har ƙofar ɗakin mutum su ɗauko shi, babu jiran mota ta cika. Kiya-kiya suka bar hanyar Kebbe ɗaya bayan ɗaya, masu su suka koma kwalta. Ga kuma roba ta shigo kasuwa, bokiti da jarka, ba sa fashewa, ba sa nauyi. Masu sayen randa suka ragu, sai waɗanda har yanzu ba sa iya shan ruwan da bai kwana a cikin ƙasa ba. Aka bar Kawu da magina da tsofaffin da ba sa iya hawa babur. Shekaru ya yi a haka, shi kaɗai.

Taubashina kuwa ƙaramar mota yake ja a layin Sakkwato, kuma duk abin da uban ya ƙi yi na gudu shi ya rama. Ina yawan tsokanarsa cewa fasinjansa da salati suke shiga, da salati suke fita. Da idon Kawu ya fara rauni, har wata rana ya kusa afka wa amalanken shanu, taubashina ya ɗauke makullin mota. Ina gidan aka yi, ina taya Inna tsince shinkafa.

"Baba, idonka ba shi gani. Ka huta hakanan."

"Na ji. Ga makulli, ga hanya. In ka ɗauki ɗaya, ka haɗa da ɗayan."

"In bar layin Sakkwato in koma jan tukwane? 'Yan tasha su yi ta min dariya?"

"Ni sun yi min, ga ni zamne."

"Hanyar ta mutu, Baba. Kowa ya koma roba. Ni ma ina da iyali."

"To aje min makullina."

Ya ajiye ya fita. A ganina taubashina ne da gaskiya a ranar, kuma na faɗa wa Kawu haka, ya ce in je in ji da 'yan makarantata. Ya ci gaba da tuƙinsa, sai dai ya samo dabara. Ya ɗauko Iya ya zaunar a gaba, ta zama idonsa. Ana tafiya tana cewa, "Rami dama. Saniya gabanka. Sassauta, yashi." Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba da tsohon da ba ya gani sosai, haka suka riƙa shigowa Tambuwal da randuna lafiya lau. Tsakanin uba da ɗa daga nan sai gaisuwa. Ciwo ya zo ya kwantar da Kawu, taubashina ya yi jinya iyakar ƙarfinsa, shi ke ɗaga shi, shi ke kwantar da shi, amma maganar mota babu wanda ya sake tayar da ita har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan magina sun koma gida ba amsa, na lura taubashina ya daina zuwa tasha. Ya kan zauna a dakali yana kallon motar. Ranar jana'iza ko hawaye bai yi ba, kuma shirun nan nasa ya fi kuka ba ni tausayi. Ni dai abin da na iya da shi tsokana ce.

"Taubashi, tukunya kake tsoro?"

"Ke dai malama, Allah shi raba ni da bakinki."

Bayan addu'ar bakwai aka yi wata iska mai ƙanshin ruwa, gabas ta yi baƙi, amma bai sauka ba. Washegari ya tare wani ɗan kabu-kabu ya ba shi saƙo zuwa ga Iya, cewa a sa wuta. Ya shigo ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Sau ɗaya za ni. Don kar a ce Baba ya bar mutane da jira." Na ce ai ko don in ga ƙarshen abin nan sai na bi shi.

Ranar kasuwa da safe muka isa ƙauyen muka tarar da tukwane jere a bakin wurin gashi, jajaye, wasu da sauran ɗumi. Mata suka yi ta miƙowa, yana jerawa cikin ciyawa. Da aka gama ya ɗauko igiya ya zagaye randunan, ya taka da ƙafa ya ja iya ƙarfinsa, yadda yake ɗaure buhunan albasa.

"Ɗana, sassauta," in ji Iya.

"Iya, na daɗe ina ɗaurin kaya. Wagga hanya in ba a matse ba, watsewa za su yi."

Ta dube shi, ta dubi igiyar, ta shiga gaba ta zauna.

Ban taɓa ganin mutum ya sha wahalar tafiya a hankali kamar taubashina a ranar ba. Gumi ya jiƙa masa riga, kowane rami sai ya lallaɓa shi. 'Yan kabu-kabu na wuce mu suna ɗaga masa hannu suna dariya, bai kula su ba. Ni har na fara shirya yabon da zan yi masa, abin da ban taɓa yi ba. Sai dai jefi-jefi nakan ji wata 'yar ƙara daga baya, ƙas, kamar an taka busasshen kara. In na dubi Iya, sai in ga hanya take kallo.

A gindin tsamiya aka buɗe bayan mota. Ƙananan tukwane da kasake sun iso lafiya. Manyan randuna kuwa, da aka kwance igiya sai wuyansu ya biyo ta. Ashe randa tana son a bar mata ɗan wurin motsi a cikin ciyawa, in aka matse ta, duk girgizar hanya a wuyanta take ƙarewa. Aikin rani guda ne a zube a gabanmu. Matan suka yi cirko-cirko. Taubashina ya tsugunna ya ɗauki wani ɓallin randa yana juya shi a hannu, sai kukan da bai yi a maƙabarta ba ya ƙwace masa, a tsakiyar kasuwa, a gaban shugaban tasha da kowa.

"Iya, ku yafe min," ya ce. "Dama na san ban iyawa. Ni ba Baba ba na."

Iya ta sauko daga mota a hankali, ta zagaya ta duba ɓarnar, ta ture wani ɓalli da ƙafa.

"Wane Baban?" ta ce. "Ranar da ubanka yaf fara ɗaukar muna kaya, ko kasko bai iso da rai ba. Nan wurin yaz zamna shina kuka, ya fi ka majina. Uwata ta ja kunnenshi gaban mutane. Mu munka koya mai, kuma ya daɗe bai iya ba. Kai ka ma fi shi, ka iso da tukwanen miya." Ta miƙa hannu ta zare igiyar daga kafaɗarsa ta naɗe ta a hannunta. "Akwai sauran gashi gida. Kasuwa mai zuwa ka zo da sanyin safiya. Wagga igiya kuwa wurina za ta zamna."

Ya share fuska da hularsa. Ya ce, "To, Iya."

Da na koma gida na kwashe labarin na faɗa wa Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba. Ta rufe baki da mayafi ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta goge ido ta ce, "Ashe! Mutumin da in na fasa ƙwarya sai unguwa ta ji."

Ban san kasuwa nawa taubashina zai jure ba, shi ma bai yi wa kowa alkawari ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa randunan nan da bai taɓa faɗa mana ba, da sauran abin da ba mu sani ba.